Takarda ta Huɗu

Da ƙarfe takwas na safe daidai Matankaɗi, na'urar jarrabawa, ya fara aiki. Ɗakunan gilashi dubu uku da ke cikin Zauren Gwaji na Birnin Tsauni suka rufe kansu a lokaci guda, kowanne da mutum ɗaya a ciki. A ɗaki na ɗari tara da sha biyu, Ladidi Barau ta ji wani siririn zobe ya sauko ya zagaye mata maƙogwaro, sanyi ƙalau.

"Barka da zuwa, mai neman aiki," in ji muryar na'urar, wadda ba ta mace ba ce, ba kuma ta namiji ba. "Takardu huɗu ne a gabanki. Bismillah."

Shekara arba'in ke nan da Hukumar Tace Ma'aikata ta miƙa wa wannan na'ura jarrabawar shiga aikin gwamnati. Kafin nan, in ji tsofaffi, sai kana da kawu a ofis kake samun kujera, kuma bututun ruwa kan bi unguwar surukan darakta ya tsallake ta talakawa. Matankaɗi ba shi da kawu, ba shi da suruki. Zoben nan na wuya yana auna rawar murya da bugun jini, wasu faifai biyu kuma a gefen kai suna sauraron ƙwaƙwalwa. Tun zuwansa ba a sake jin an yi wa wani alfarma ba, kuma mutane suna alfahari da hakan.

Ladidi ta haddace manhajar kamar karatun allo. Takarda ta ɗaya, tarihin ƙasa da tsarin mulki. Ta biyu, lissafi da sarrafa bayanai. Ta uku, rubuta rahoto da wasiƙar ofis cikin harsuna biyu. Waɗannan ukun sun cinye shafi ɗari biyu na littafin. Ta huɗu kuwa layi ɗaya aka ba ta a shafin ƙarshe: *Adalci. Ba a yi masa karatu.*

Sau biyu tana faɗuwa tun a lissafi, bana kuma za ta cika talatin, shekarun da ake rufe ƙofa. Burinta ɗaya ne, ta zama jami'ar ruwa. Unguwarsu, Gangaren Kuka, har yau jarka ake ɗauka, alhali jiragen ƙasa na yawo kan gadoji a saman rufin gidajensu. Mijinta ne ya zaunar da ita bana, mai gyaran farantan sola, mutum mai dariya da dukkan jikinsa. Kullum bayan asuba yakan riƙe littafin yana yi mata tambayoyi, tana dama kunu tana amsawa.

Da safen nan ma shi ya rako ta har bakin zaure.

"Ranki ya daɗe, jami'a," ya ce. "In kin zama babba, kar ki manta da mai riƙe miki littafi."

"Kai dai Malam, ba ka rabo da tsokana."

"Malam, Malam. Shekara bakwai fa! Wallahi ko a mafarki ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ko kin manta shi ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta tana dariya. Ina za ta manta? Sunan nan yana zaune a ƙirjinta kamar garwashi a cikin toka. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan ubanta ba har ya koma ga Allah, kakarta ma haka. A wurin Ladidi abin ya wuce al'ada. Duk soyayyar da ba ta iya furtawa, a cikin wannan shirun take ajiye ta, shi ma ya sani.

Takardu uku suka wuce kafin azahar. Bayan an dawo daga salla, gilashin ɗakin ya yi duhu, sannan ya waye da siffar ofis, har da tebur da tarin fayil.

"Kin ci uku," in ji Matankaɗi. "Yanzu ke jami'a ce. Za ki karanta sunan mai kowane fayil da ƙarfi, ki faɗi hukunci."

Aiki mai sauƙi. Tabawa Ilu, tana neman a ja mata ruwa, takardunta sun cika, an amince. Gambo Shamaki, babu sa hannun mai unguwa, an ƙi. Ta yi goma, ta yi ashirin, har ta fara jin daɗin muryarta. Sai fayil na ashirin da bakwai ya buɗe.

*Sallau Nomau, Gangaren Kuka.* Ga hotonsa, da ɗan tabon nan na gefen gira. Takardarsa ɗaya ta ɓace.



"Mai wannan fayil," ta ce a hankali, "an ƙi."

"Hukuncin daidai ne. Ba ki karanta sunan ba."

"Ai ka gan shi a rubuce."

"Karanta sunan."

"Don Allah, maigidana ne. Ba na iya faɗa. Ka ba ni fayil ɗari a madadinsa, wallahi duk zan yi."

"Na san ko wane ne. Shi ya sa na kawo shi." Muryar ba ta ɗaga ba. "Duk wanda ya zauna a nan yana da suna ɗaya da ya fi sauran nauyi a bakinsa. Wata ɗan farinta, wani mahaifiyarsa. Ta wannan ƙofar alfarma take shigowa. Ga maɓalli ja a damanki, in kin danna za ki fita, ba kuma za ki dawo ba. In kin zauna, zan taimake ki."

Ta dubi maɓallin. Ta tuna matan unguwarsu a layin famfo tun duhun asuba, ta tuna shi yana gyangyaɗi da littafi a cinya. Da wace fuska za ta fita ta ce masa ta bar komai saboda kalma biyu? Ai shi da kansa yake roƙon ta faɗa. Sau ɗaya ne, ta ce a ranta, babu ma wanda zai ji.

Ta runtse ido. "Sallau Nomau."

Sunan ya fito yana rawa, da ɗumi, da hawaye a jikinsa. Kunya ta rufe ta tun daga kai har tafin ƙafa.

"Muryarki ta kauce da kashi sittin cikin ɗari. Sake."

Fayafayan gefen kanta suka ɗan yi zafi, ta ji wani abu kamar ana shara a can cikin kanta, a hankali, da tsintsiya mai laushi. Ta sake faɗa. Kashi arba'in. Ta nemi ranar da ya fara tsayawa a ƙofar gidansu da tsani a kafaɗa, ta same ta, komai na nan, har launin rigarsa, amma faɗuwar gaban da ke tare da ranar babu ita. Tsoro ya kama ta, ta miƙa hannu wajen maɓallin.

"Sake," in ji Matankaɗi.

Kafin yatsanta ya kai, tsoron ma an share shi. Ta dubi hannunta a sama, ta rasa dalilin da ya sa ta ɗaga shi, ta mayar da shi kan tebur.

A karo na sha tara sunan ya fita sumul, daidai da na Tabawa, daidai da na Gambo.

"Sifili. Barka, jami'a."

Rana ta yi sanyi lokacin da ƙofofin suka buɗe. Waɗanda suka danna ja sun fito tun ɗazu, suna kuka a jikin 'yan'uwansu. Waɗanda suka ci kuwa suka fito a jere, ba mai sauri, ba mai waige. Ladidi ta hango mijinta yana ɗage, yana neman ta cikin taro. Da ya ga koren katin da ke wuyanta sai ya yi tsalle kamar ba magidanci ba.

"Allahu akbar! Kin ci? Ladidi, kin ci!"

"Na ci. Sannu da jira, Sallau Nomau."

Ya tsaya cak. Sai ya fashe da dariya, ya dafe ƙirji. "Yau kuma? A gaban mutane? Ashe dai..." Ya leƙa fuskarta yana jiran ta ja mayafi. Ba ta ja ba. Ta dube shi ido cikin ido, da ladabi, yadda za ta dubi kowa.

Dariyar ta mutu a bakinsa.

"To," ya ce, muryarsa na neman hanya, "ai shi ke nan, Gangaren Kuka ta sha ruwa."

"Na ga jerin masu jiran ruwa. Unguwa ɗari biyu da sha uku ne a gabanta, kuma sun fi ta buƙata. Za a kai gare ta nan da shekara tara."

"Ladidi, ni ne fa."

"Na sani," ta ce.

Ta sani ɗin kuwa. Ta san ranar aurensu, ta san yadda yake son kununsa, ba abin da ya ɓace mata. Ta ga idanunsa sun cika, ta fahimci cewa mutumin nan yana cikin damuwa, kuma ya kamata a taimaka masa. Ta tsaya tana tunanin ofishin da ya dace ta tura shi.