Takardar Kyauta

Colette ta shimfiɗa takardun a teburin kicin, kusa da kofin shayin mahaifinta. Baba Armand ko taɓa su bai yi ba.

"Maimaita min, kunnena ya tsufa. Gidan naku ne, ƙasar da yake kai kuma ta wasu?"

"Ta ƙungiyar gidaje ce, Baba. Su za su biya kashi ɗaya cikin huɗu, banki ya ranta mana sauran. Ranar da muka sayar, riba kaɗan za mu ɗauka, don na bayanmu ma ya samu da sauƙi..."

"Ashe kaza za ki koma! A ba ki akurki a ce naki ne! To ƙafata ba za ta taka gidan nan ba."

"Haba Baba!"

Ya sa hularsa ya fice. Mutum ne da kakansa ya sare dajin gonar nan da gatari, shi kuma ya sayar da shanunsa yana kuka bayan rasuwar matarsa, amma ko taku ɗaya na ƙasa bai sayar ba. A wurinsa wanda ba shi da ƙasa baƙo ne, ko da a ɗakinsa yake kwance.

Shekara uku ke nan da Colette ta karɓi zoben Wendell, bakaniken motocin 'yan makaranta, suka yi alkawarin ba za a ɗaura aure ba sai da gidan zama. A birnin Burlington kuwa haya ta cinye albashi, balle saye. Da layin ƙungiya ya zo kansu, duk Asabar sukan ajiye mota a gaban ɗan koren gidan, su yi ta kallonsa.

"Can zan sa miki lilo," in ji Wendell.

"Can kuma kujerar Baba, inda rana ke shigowa." Ta faɗa, idonta ya ciko. Gidan take so, Baba take so a cikinsa, kuma ta kasa ganin yadda za ta haɗa su.

Ranar Litinin ma'aikaciyar banki ta kira. An ga dala dubu tara sun shiga tsohon asusun Colette, wanda mahaifinta ya buɗe mata tun tana firamare. Kuɗin da ba a san asalinsu ba kuwa tsayar da rance suke yi. Ko wanda ya zuba ya sa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba, ko a mayar masa da shaidar mayarwa. Zuwa Juma'a.

Baba ne. Tsohuwar taraktarsa ya sayar a ɓoye, wai su ƙara su sayi gida mai ƙasarsa. Dala dubu tara a Burlington! Ko wurin ajiye mota ba za su saya ba. Garin neman gira tsoho zai tsone ido.

"Ai abin mai sauƙi ne, masoyiyata," in ji Wendell. "Mu mayar masa, shi ke nan."

"Ba ka san Baba ba. Bai iya cewa ina sonki da baki ba, taraktar nan ita ce maganarsa. In na mayar, na mare shi." Ta fashe da kuka.

Wendell bai ƙara musu ba. Ya ɗauki hutun kwana uku, ya nufi gona. Lokacin tatsar itatuwan mefil ne, masu ruwan zaƙi da ake dafawa ya zama kamar zuma, dusar ƙanƙara ta narke ta zama caɓi, ga tsoho yana jidar bokitai a kafaɗa tunda babu tarakta. Wendell ya karɓi biyu. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, ba wanda ya ce uffan, sai dai "ƙara itace" da "kauce min". Tafin hannun Wendell ya yi bororo.

Ranar Alhamis Colette ta iso ɗakin dafa ruwan mefil da takardar kyautar da banki ke nema a aljihu. Tururi ya cika ko'ina.

"Kai bakanike," in ji Baba Armand, "na san abin da ya kawo ka. In na ƙi fa?"

"Gidan ya wuce, Baba, mu koma ƙarshen layi. Kuɗinka dai ba za mu mayar ba, kuma ba za mu yi wa banki ƙarya ba."

"Shekara nawa layin?"

"Biyu. Wataƙila uku."

"Za ka jira kan tsohon da ya kira amaryarka kaza?"

"Ni ma da na fara jin tsarin, abin da na ce ke nan."

Colette ta harare shi cikin hawaye. Tsoho ya danne dariya, ya miƙo hannu. Ya nisanta takardar da idonsa yana karantawa a hankali, har ya zo layin ƙarshe: ba na sa ran a biya ni komai.

"Wannan ƙarya ce," ya ce.

Colette ta juyo ta dube shi.

"Ina sa ran biya mana! Ni kaɗai nake cin abinci shekara biyar, Colette. Na zaci in kika tafi gidan da ba tushe, ni ma kin tsinke daga gare ni." Ya dafa takardar a murfin ganga ya sa hannu. "Akwai wurin zaman tsoho a akurkin nan naku?"

Ta faɗa jikinsa tana kuka, shi kuma yana ta cewa tururi ne ya shiga masa ido.

An ɗaura aure a watan Yuni, Baba Armand ne ya fara shiga gidan, yana ƙwanƙwasa bango yana kushe fenti. 'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: faɗan iyaye sau da yawa tsoron rabuwa ne. Wanda ya mayar da martani zai iya samun gida, amma mai haƙuri shi ke samun gida da albarka tare.