Boris ɗin Tanimu

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san ba zai iya zagayawa bayan gida shi kaɗai ba, ya je ya kwanta tun yanzu.

Tanimu direban wata tsohuwar a-kori-kura ne, mutum mai gaggawa kamar ana binsa. Tayarsa ta gaba, ɓangaren dama, ta daɗe tana gurnani. In ya ƙara wuta gurnanin ya ƙaru, in ya karya kwana hagu ya koma kuka. Duk mai mota ya san boris ne ya cinye, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Shi kuwa gwanin naku, maganin da ya yi wa abin shi ne ƙure rediyo.

Ana gobe sunan 'yarsa ta fari, wadda aka samu bayan dogon jira, ya sayo rago a kasuwar Maigatari, ya yanke ta wani burji don ya isa gida da wuri. Rana tsaka tayar ta fara hayaƙi. Ya tsaya gindin wata tsamiya, ya sauke jarka, ya kwarara wa ƙarfen ruwa. Ruwan ya tafasa nan take, ya gangara da baƙin giris, ya shige wani rami a saiwar bishiyar. Ko bisimilla bai yi ba.

Wata siririyar murya ta ƙwalla ƙara a cikin ramin. Tanimu ya ji. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan. Ya ji, ya ja tsaki, ya ce ɓera ne, ya tuttula sauran ruwan.

Daga nan hanya ta ƙi ƙarewa. Yana lallaɓa motar, har almuru ta same shi a daji. Sai ga rumfar bakanike a gefen hanya, inda bai taɓa ganin rumfa ba. Wani dogon mutum na tsaye, rigarsa na jan ƙasa.

"Sannu da aiki, Oga. Tayata ce."

"Na jiyo ta tun daga nesa. Kai nake jira."

Mutumin ya sa jak ya ɗaga motar. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a ƙarfen da ke bayanta, ya miƙo wa Tanimu ƙotar.

"Sa kunnenka."

Tanimu ya sa. Ba ƙarar ƙarfe ya ji ba. Kukan jariri ne, wanda ya yi kuka har muryarsa ta dushe, da wata mace tana rarrashi. A bayan mota ragon ya yi tsit.

Mutumin ya tsuguna, rigar ta ɗan ɗage. Kofato ne, irin na jaki.

Tanimu na kallo, mutumin ya kwance taya, ya zaro tsohon boris da yatsu biyu, babu guduma. Ya goge wurin tas, ya ɗauko sabon boris, ya cusa masa giris, ya zaunar da shi, ya ɗaure. Ya juya tayar. Shiru.

"Motarka ta warke," in ji shi. "Ɗana ne bai warke ba. Barci yake a ramin tsamiyar nan, ka kwarara masa ruwan zafi. Fatar bayansa duk ta saɓule."

"Wallahi ban sani ba."

"Zubin farko ba ka sani ba. Na biyu fa?"

"Ka yi wa Allah, ga rago. Ɗauki motar ma."

"Ragon suna ne. Gobe ko? Mace ce, na leƙo ta ɗazu. Fatarta da laushi."

Tsoron da Tanimu ya ji wa kansa ya tafi, wanda ya fi shi ya zo.

Mutumin ya nuna tsohon boris a ƙasa. Ya yi jajur kamar garwashi.

"Zafin nan sai wani ya ɗauka, ko kai ko ita. Riƙe shi har ƙofar gidanka. In ka sake shi a hanya, a bayanta zai sauka."

Tanimu bai tsaya tunani ba, da hannun dama ya damƙe shi. Ƙauri ya tashi irin na babbaka. Ya faɗa mota, ya sa giya da hagu, ya ja. Kowane rami sai hannun ya nemi buɗewa, ya danne shi a ƙirji. Ga sukuwar kofato a gefen taga, tana tafiya daidai da motar.

"Sake shi mana," in ji muryar mai kofaton, a hankali. "Ai ba ka ma saba da ita ba."

Tanimu ya cije leɓe har jini, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Bai waiwaya ba.

A ƙofar gida mahaifiyarsa ta tare shi da fitila.

"Inna, yarinyar fa?"

"Barci take. Da magariba ta yi ta tsala ihu, mun rasa dalili, sai kuma ta yi shiru. Me ya sami hannunka?"

Nan ya zube. Da aka ɓamɓare yatsun, babu komai a ciki sai nama da ya ƙone har ƙashi. Hannun ya warke a dunƙule, bai sake riƙe sitiyari ba.

Da safe, bayan an raɗa suna, aka miƙo masa jaririyar. Ya kifa ta a cinyarsa, ya ɗaga 'yar rigarta da hagu, ya daɗe yana duba bayanta. Sumul yake, ko ƙwarzane babu. Sai ya kifa kai ya fashe da kuka a gaban maza.

To, kun ji. Kada in ji ɗayanku ya bi burjin nan shi kaɗai. An ce yaron tsamiyar har yau ba ya iya kwanciya rigingine, ubansa kuwa bai ce ya huce ba.