Amanar Tahlia a Bakin Titi

A wata unguwa ta birnin Brisbane, a ƙasar Ostareliya, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da kirki, tana da ƙoƙari, amma fa akwai ta da gaggawa. Idan ta so abu, a ranar take son sa.

Aminiyarta ita ce Tahlia, ajinsu ɗaya. Tahlia tana da i'ina. Likita ta ce ta riƙa ɗaukar kanta a bidiyo tana karatu da ƙarfi, don bakinta ya saba. Gidan su Tahlia cike yake da yayye maza masu tsokana, shi ya sa take zuwa ɗakin ƙawarta ta ɗauka a tsohuwar kwamfuta. Wani bidiyon tana dariya, wani tana kuka don kalma ta ƙi fita.

"Ba-ba wanda zai gani?" Tahlia ta tambaya tun ranar farko.

"Ba kowa. Na yi miki alkawari," in ji yarinyar.

Ana nan sai makon fitar da tarkace ya zo. Kowane gida ya jibge abin da ya gaji da shi a kan ciyawar bakin titi. Ga katifa, ga karyayyar kujera, ga keken da ya yi tsatsa. Kafin motar hukuma ta zo kwashewa, masu wucewa sun tsince na kirki. Ba mai ce musu don me, abin bakin titi na kowa ne.

An riga an saya wa gidan sabuwar kwamfuta. Tsohuwar tana nan ta cinye tebur, yarinyar kuwa teburin take so don ta ɗora akwatin kifayenta.

"Mama, in fitar da ita?" ta tambaya ranar Asabar da safe.

Mama tana saurin tafiya aiki asibiti. Ta ce, "Kada ki taɓa ta. Sai kawunki ya zo ya wanke cikinta."

"Ai ni ma na iya gogewa."

"Na ce ki bari."

Mama na fita, yarinyar ta kunna kwamfuta. Ta tattara hotuna da bidiyo da takardu, ta jefa su a kwandon shara na kan allo. Ta zubar da kwandon. Allo ya yi fes.

"Wai sai kawu," ta ce da kanta. "Ga shi na gama ko shayi bai huce ba."

Ta ɗora kwamfutar a baro, ta kai bakin titi. Kafin azahar wani ya yi gaba da ita.

Da yamma Mama ta dawo, ta ga kifaye suna iyo a kan tebur.

"Ina kwamfutar?"

"Na fitar. Kada ki damu, Mama, na goge komai. Har kwandon na zubar."

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe kabad, ta ɗauko kwalbar zuma, ta ɓare takardar da ke jikinta.

"Na cire sunan. Zumar ta fita?"

"A'a."

"To haka kika yi. Suna kawai kika cire. Komai yana nan kwance a faifan ajiya da ke cikin kwamfutar. Wanda ya san hanya zai dawo da shi."

Sai hankalin yarinyar ya koma kan bidiyon ƙawarta. Ta tuna wasu samari da ta gani da safe suna yawo a kan keke, suna tone tarkace. Biyu daga cikinsu 'yan makarantarsu ne. Idan bidiyon Tahlia ya faɗa hannunsu, kafin Litinin duk makaranta ta kalla.

Ta fashe da kuka, ta gaya wa Mama komai.

"Ki gaya wa maman Tahlia, don Allah," ta roƙa.

"A'a," in ji Mama. "Ke kika karɓi amana, ke za ki faɗa. Amma zan raka ki."

Washegari da safe suka je gidan su Tahlia. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da ta yi. Tahlia ta dube ta.

"Ki-kin yi alkawari," ta ce a hankali.

Wannan maganar ta fi duka zafi.

Suka dawo tare su uku, suna tambayar maƙwabta gida gida. Wannan bai gani ba, wancan ba ya nan. Daga ƙarshe suka iske Baba Stavros yana ba tumatirinsa ruwa. Tsoho ne da ba abin da ke wucewa a layin bai gani ba.

"Kwamfuta? Ai Ronda ce, mai farar a-kori-kura," in ji shi. "Tsohuwar nan ba ta barci. Akwai injin yankan ciyawar da na sa wa ido tun jiya, ita ta riga ni. Ku bi layin bayan coci, za ku ga gareji a buɗe."

Suka bi layin, suka iske ta a garejin. Kaka Ronda doguwa ce, gashinta fari fat, ta maƙala fensir a bayan kunne. Ta yi aiki a kamfanin waya har ta yi ritaya. Yanzu tsofaffin kwamfutoci take tsintowa ta gyara, ta ba yaran da babu a gidansu, kyauta.

Ta dubi yarinyar ta saman tabarau.

"Ke ce ta gida mai jar ƙofa? Kin hutar da ƙafata. Da yammar nan nake shirin zuwa."

Ta miƙa hannu kan kanta, ta ɗauko wani ƙaramin ƙarfe mai kamar littafin aljihu. An naɗe shi a jarida, an ɗaure da roba.

"Faifanku ke nan. Duk kwamfutar da na tsinta, shi nake fara cirewa in mayar wa masu shi."

"Ki-kin duba?" Tahlia ta tambaya.

"Ko kunnawa ban yi ba, jikata. Kwamfuta aka bar mini a bakin titi. Ba a bar mini sirrin gidan mutane ba."

Tahlia ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Yarinyar kuwa kallon tsohuwar kawai take yi. Ga faifai a hannunta tun jiya, ga ilimin buɗewa, ba mai ganinta, amma ta naɗe shi ta ajiye.

"Kaka, da gaske abin da na goge zai dawo?" ta tambaya.

"Zauna ki gani. Maman yara, kin yarda?"

Mama ta gyaɗa kai. Kaka Ronda ta jona faifan a wata kwamfuta, ta danna nan, ta danna can. Sannan ta juya wa allon baya, ta tafi dafa shayi.

"Ku duba da kanku. Ni ba nawa ba ne."

Ba a jima ba abubuwa suka fara fitowa. Ga hoton fasfon Mama. Ga takardun asibitin ƙanen yarinyar. Ga bidiyon Tahlia a jere, ba wanda ya yi ciwon kai.

Yarinyar ta rufe baki da hannu.

Kaka Ronda ta dawo da shayi da biskit. Ta ce, "Hanya biyu ce. Idan faifan yana da sauran amfani, akwai manhajar da ke rubuta shirme a kan kowane lungu nasa, har na da ya ɓace. Tana ɗaukar lokaci, ba aikin mai gaggawa ba ne." Ta ɗan harari yarinyar da wasa. "Idan kuwa ya tsufa kamar wannan, kamar ni, sai a huda shi a kai wurin masu narka ƙarfe."

"A huda," in ji Tahlia. Sai kuma ta nuna bidiyo na ƙarshe. "Ban da wa-wannan. A nan na karanta shafi guda ban tsaya ba."

Aka kwafe mata shi a filas, 'yar ƙaramar ma'ajiyar kwamfuta, ta sa a aljihu.

Kaka Ronda ta ɗaure faifan tam a kan benci. Ta sa wa yaran tabarau na kariya, ta ba Tahlia injin huda ƙarfe, ta riƙe mata hannu. Injin ya yi ƙara, ƙarfe ya hudu. Suka huda nan, suka huda can.

Saura wuri ɗaya, Tahlia ta tsaya. Ta juya ta miƙa wa ƙawarta injin.

"Zo ki ƙarasa aikinki."

Yarinyar ta karɓa da hawaye a ido. Ta san an yafe mata.

A hanyar gida Mama ta tambaya, "Me kika koya?"

"Gogewa ba wankewa ba ce. Ba a fitar da kwamfuta sai babba ya wanke faifan ko ya lalata shi. Kuma idan kin ce in bari, in bari."

"Saura ɗaya," in ji Tahlia. "Abin da ba naka ba, kada ka leƙa, ko da ka iya. Kamar Kaka Ronda."

Ta faɗi maganar duka ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ƙawarta ta lura, Mama ma ta lura. Yarinyar ta kama hannun Tahlia, ba ta saki ba har suka isa gida.