Shafukan Da Ya Yage

"Kai ka yage su?"

Na dire littattafan biyu a kan teburinsa. Ɗaya tsoho mai baƙin bango, ɗaya sabo fil.

Ya ajiye allura da zaren da yake ɗinke wani littafi da su, ya ɗago a hankali.

"'Yar Dodo, zauna mana..."

"Kar ka ƙara kira na da sunan nan! Tambayarka na yi!"

Shi ne mai shagon hayar littattafai na ƙarshen layinmu. Ɗan ƙaramin shago ne, kanta uku da benci ɗaya mai gurguwar ƙafa, kullum yana ƙanshin tsohuwar takarda da gam. Tun ina kwaleji kantar ƙasa ce tawa: aljanu, dodanni, 'ya'yan sarakunan da tsinuwa ta bi. In na zauna a bencin nan, ko kira na ake ba na ji. Shi ya sa ya raɗa mini 'Yar Dodo.

Shekarar da Mama ta rasu na daina dariya, abinci ma sai an matsa mini. Baƙin littafin nan kaɗai na iya riƙewa. Labarin wata yarinya ne da aljana ta tsine wa mahaifiyarta, ta mayar da ita dutse a bakin rijiya. Shafuka shida na ƙarshe rubutun hannu ne, an ɗinke su da farin zare. Mai shagon ya ce mini na asalin sun ɓata, shi ne ya kwafo daga wani. A cikinsu yarinyar ta kashe dodon da ke gadin rijiyar, dutsen ya tsage, uwar ta fito ta rungume ta.

Na karanta shafukan nan ya fi sau talatin.

Bayan shekara huɗu, da maganar aurena da mai shagon ta taso, Baba ya ƙi. Baba tela ne, bai yarda da sana'ar da ba a taɓa ta da hannu ba.

"Mai sayar da tatsuniya zan ba 'yata?"

Shi mai kemis na bakin titi yake so mini. Mai kemis ɗin ne kuwa ya nemo sabon bugun littafin, ya kawo har ɗakin Baba, yana murmushi.

"Baba, a duba ƙarshen. Wanda ya yi mata ƙarya a takarda, a gida me zai yi mata?"

A sabon, uwar ba ta dawo ba. Yarinyar ta tsufa tana share ƙurar dutsen kowace safiya.

Shi ne na kwaso su na zo shago.

"Ni na yage su," ya ce, bai kawar da ido ba.

"Me ya sa?"

"Kin shigo ran nan idanunki kamar garwashi, kika ɗauki littafin da na san ƙarshensa. Na ce ki dawo gobe, bangon na son gyara. Wallahi ban iya barin ki kai shafin nan ba, farin cikina... ban iya ba."

"Shekara huɗu kana kallona ina yabon ƙarya!"

"Kullum sai in ce yau zan faɗa miki, sai in ga kina murmushi."

Na kwashe littattafan na fita ina kuka, ko waiwaye ban yi ba.

Sati biyu ban bi ta ƙofar shagon ba. Littattafan kuwa na watsar da su a kan keken ɗinkin Baba.

Wata safiya na kai masa shayi, na tarar keken shiru. Baba ya sa tabarau a kan hanci, tsohon littafin a cinyarsa, yana share ido da guntun yadi.

"Baba, lafiya?"

"Zare ne ya shiga mini ido."

Ya daɗe yana shafa farin zaren da babban yatsansa.

"Ɗinkin nan ba na algus ba ne. Lokacin nan ni ma na rasa abin da zan ce miki, 'yata. Kullum ina bakin ƙofarki, baki ya ƙi buɗuwa. Ashe wani ya faɗa a madadina." Ya cire tabarau. "Ki ce ya zo."

Ya zo da yamma, ya durƙusa, gumi na keto masa.

"Kai ne mai gyara wa aljanu hukunci?"

"Na tuba, Baba."

"Na ba ka ita, amma da sharaɗi. Kada ka sake yage mata komai. In abu ya zo da ɗaci, ka zauna kusa da ita a sha tare."

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Littafin farko da muka karanta a ɗakinmu shi ne sabon bugun. Da muka iso shafukan ƙarshe na kasa ci gaba.

"Mu bari sai gobe?" ya ce.

Na girgiza kai.

Sai ya riƙe mini shafin a buɗe, ya jira har na gama kukana, sannan na juya da kaina.