Buhun Shara Mai Nauyi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida Uwar Dabara ake ce mata, don ba ta rasa wayo.

A bayan layinsu akwai ƙaton juji. Kullum cikin hayaƙi yake. Hayaƙin nan ne ya sa wa ƙaninta tari. In tarin ya taso, har idonsa sai ya yi ja.

Wata rana wata injiniya ta zo layin. Ta raba wa gidaje goma buhu bibbiyu.

Ta ce, "Wannan na busasshiyar shara ne, irin su takarda da kwali da tsumma. Wancan kuma na jiƙaƙƙiya. Bayan mako guda zan gwada busasshiyar. In tana cin wuta sosai, motarmu za ta riƙa kai ta masana'anta, a ƙona, a samu lantarki. Jujin nan ma a kwashe shi."

Mama ta ce, "Allah ya sa, ko yaron nan ya huta." Ta damƙa wa Uwar Dabara buhunan.

Bayan kwana uku, yarinyar ta ɗaga buhun busasshiya. Ta ji shi shafal.

Ta ce a ranta, "Wannan ai raina mu za a yi. Wa zai turo mota don abin da iska za ta ɗauke?"

Sai ta zuba yashi a ƙasan buhun. Ta ƙara ɓawon lemo da kofi uku na ruwa. Ta rufe da takardu. Buhu ya yi nauyi, da ƙyar take jan sa. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta koya wa yaran gidaje bakwai wannan dabarar.

Ranar gwaji kowa ya taru a bakin layi. Injiniya ta auna buhunan, ta juye su a cikin durom na ƙarfe. Ta ɗora tukunyar ruwa a kai, ta kunna ashana.

Wuta ta ɗan leƙo, ta yi cuu, ta mutu. Ashana ta biyu ma haka. Farin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Ƙanin Uwar Dabara ya kama tari, ya durƙusa yana riƙe da ƙirji.

Injiniya ta girgiza kai. "Ku yi haƙuri. Shararku ba za ta yi ba. Zan gwada wata unguwar."

Yaron ya ci gaba da tari. Uwar Dabara ta dube shi. Ta ɗaga hannu.

"Anti, ni ce. Ni na zuba ruwa da yashi, don ta yi nauyi."

Mama ta dube ta. "Ke! Yau dabarar taki kan ƙaninki ta faɗa?"

Yarinya ta fashe da kuka.

Injiniya ta sunkuya kusa da ita. "Ba nauyi nake nema ba, 'yata, zafi nake nema. Wuta sai ta busar da ruwa kafin ta ci shara, a nan ƙarfinta ke ƙarewa. Yashi kuwa ko shekara zai yi ba ya ƙonewa. Da kin tambaye ni, da na faɗa miki."

"Anti, ki ba mu mako ɗaya, don Allah."

Injiniya ta dubi yaron, ta ce, "Mako ɗaya."

Kullum in ta taso daga makaranta, Uwar Dabara sai ta bi gidaje goman nan. Ta zura hannu har ƙasan buhu. Wani tsohon tela a layin ya ce, "Jikata, ko aljihuna ma za ki duba?"

Ta ce, "In akwai ɓawon lemo a ciki, sai na duba, Kaka."

Ranar gwaji na biyu, ashana ɗaya ta isa. Wuta ta tashi ja wur. Nan da nan tukunya ta tafasa.

Kafin wata biyu aka kwashe jujin. Tarin ƙanin Uwar Dabara ya lafa, har ya koma buga ƙwallo.

Tun daga nan Uwar Dabara ta gane: abin da ba ka sani ba, ka tambaya. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun gyara bai wuce ba.