Direban da Ya Ƙi Canza Famfo

A wani gari mai nisa, an yi wata mata mai noman tumatir. Ƙanenta direba ne, shi ke kai kayanta da na maƙwabta kasuwa.

Wata rana bakanike ya ce masa, "Famfon ruwan motar nan yana ɗiga. Canza shi kafin ya mutu a hanya."

Direba ya ce, "Ai tana tafiya."

Yayarsa ta yi masa magana, ya ce tana tafiya. Ta nuna masa ruwa a ƙarƙashin motar, ya ce, "Yaya, ai tana tafiya."

Haushi ya ishe ta. Ranar kasuwa ta ƙi ba shi kayanta, ta ɗora wa jaki.

Da rana tsaka ta iske shi a gefen hanya, mota tana ta tururi, tumatirin maƙwabta yana lalacewa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ara mini jakin in ɗauko bakanike."

Ta yi tsaki, ta sauke kwandunanta a inuwa, ta miƙa masa igiya.

"Ungo. Kuma idan ya gaji, ka tsaya ka ba shi ruwa."