Takardar Sule Ashirin ta Malam Umara

Kwana shida da janyewar ruwan kogin Haɗeja, a daminar 1974, Sufeto Shu'ibu ya shiga zauren Malam Umara da hantsi. Bangon bai gama bushewa ba. Zanen ruwa ya kai gwiwa.

Malam Umara tsohon akawun En'e ne. Shekara talatin ya yi yana tara takardun kuɗin da aka daina karɓa, kowace a cikin ambulan dinta. Shi ya kai ƙara cewa an sace masa mafi daraja a ciki, an sa wata a gurbinta. Tun shekaranjiya Ɗan'auta mai kwalekwale, wanda ya tsallakar da akwatin takardun ranar ambaliya, yake tsare a bayan kanta. Gobe za a kai shi gaban alƙali.

"Malam, ni fa duk ɗaya nake ganinsu," in ji Sufeto. "Ga sule ashirin ta zamanin Turawa, fes da ita. Me ya ɓata?"

Tsohon ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera takardu uku a hankali.

"Wannan ta sha kasuwa, dubi kusurwarta ta mutu. Wannan ninki ɗaya gare ta. Wannan kuwa ƙusa ta huda ta. Tawa da aka ɗauke ba ta taɓa shiga aljihun kowa ba. Daga banki ta zo hannuna."

Ya ɗaga ta huɗun, wadda aka sa a gurbin tasa, ya saita ta da hasken ƙofa. Sufeto ya matso, sai ga layi biyu sun gitta juna a tsakiyarta, siri-siri.

"An wanke ta, an goge ta da dutsen guga. Shafa ka ji. Sabuwa tawadarta tana da tudu a yatsa. Wannan sumul take."

Sufeto ya shafa. Ya jiƙa yatsa, ya taɓa gefenta. Yatsan ya ɗan manne.

"Wa ya san da ita?"

"Ɗan'auta ya ji ina cewa a kula da akwatin." Muryar tsohon ta yi rauni. "Shekara ashirin yana kawo mini kifi. Ban so ba, Sufeto."

Daga nan Sufeto ya koma caji ofis. Ya sa aka fito da Ɗan'auta, aka ba shi benci. Dattijo ne mai furfura, hannuwansa duk sun faffashe da jan koma.

"Ka buɗe akwatin?"

"Yallaɓai, da wane hannun? Ɗaya a kan filafili, ɗaya ina kwashe ruwa."

"Kana da dutsen guga?"

Ɗan'auta ya dubi rigarsa da ta yamutse. "Ka gan ni dai."

"Ina ka sauke kayan?"

"A tudu, gidan Mala ɗan ƙanwar Malam. Na danƙa masa hannu da hannu." Ya sunkuyar da kai. "Ko an sake ni, wa zai ƙara sa kayansa a jirgin ɓarawo?"

Sufeto ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Isa.

Rumfar Mala tana bakin kasuwa. Wankin hula ne sana'arsa. Huluna sun fi talatin a jere kan gumaguman itace suna shan rana, kowace a tsaye ƙyam. A gefe ga dutsen guga da garwashi, ga kwano cike da wani ruwa mai kauri.

"Ranka ya daɗe, wanki ne?" in ji Mala, yana murmushi.

"Tambaya ce. Kwana nawa akwatin kawunka ya yi a gidanka?"

"Uku. Ko igiyarsa ban taɓa ba. Ni ban ma san abin da ke ciki ba."

"Mene ne a kwanon nan?"

"Ƙaro ne na Birniwa. Shi ke tsayar da hula. Sitaci na masu ha'inci ne, ni ba na taɓa shi."

Sufeto ya tsoma yatsa, ya haɗa shi da babban yatsa, ya raba. Ya fito da takardar daga ambulan ya ajiye kusa da kwanon.

"Mala, masunci ba ya shafa wa takarda ƙaro. Wanda ya yi wannan aikin ya ga ta yi laushi bayan wanki, hannunsa bai iya barin ta haka ba."

Sau biyu hannun Mala yana hawa kan hularsa yana danna ta.

"Cire ta," in ji Sufeto a hankali.

Saje Isa ya karɓa, ya buɗe lanƙwasar ciki. Takardar Malam Umara tana nan, an ninke ta huɗu, gumi ya ratsa gefenta.

Mala ya durƙusa. "Wani ɗan Kano ne ya ce Turawa na saye da tsada. Na samo tsohuwar takarda irinta a wajen wata mai koko, na gyara. Na zaci idon Kawu ya mutu, ba zai gane ba."

"Kuma ka bar bawan Allah ya kwana biyu a rufe."

Aka sa masa ankwa. Masu rumfunan kusa suka tsaya cirko-cirko har aka wuce da shi.

Da la'asar Malam Umara ya zo caji ofis yana dogara sanda. Sufeto ya miƙa masa takardar. Ya daɗe yana kallon ninkin, sannan ya ajiye ta a bisa kantar ofis, ya juya wajen Ɗan'auta da aka fito da shi.

"Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Ɗan'auta ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe.

"Na yafe, Malam, duniya da lahira. Kifinka ma ba zai yanke ba." Ya kama hanyar ƙofa, ya tsaya bai waiwayo ba. "Amma in ruwa ya sake zuwa, a nemi wani jirgin."